Daga Hamadar Sahara zuwa Zariya: Nijeriya da Yaƙi da Makaman Ƙare-Dangi

Nufina a nan shi ne in tuna mana wani babi na tarihin ƙasarmu da ba a cika karantar da shi a aji ba, alhali ya shafe mu kai tsaye, mu mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkinta. Ƙarfinsa ya ninka wanda aka jefa a Hiroshima a 1945 sau uku zuwa huɗu. Tun a 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi Faransa ta janye, amma ta yi kunnen uwar shegu. Abin da ya tayar wa shugabanninmu hankali kowane manomi ya san shi: iskar hunturu daga Sahara take tasowa, ƙurarta kuma kan rijiyoyinmu da shanyar hatsinmu take sauka. Iska ba ta san iyakar ƙasa ba.

Faransa ta sake gwaji a Afrilu, ta yi na uku ranar 27 ga Disamba, 1960, ana tsakiyar hunturu. Sai ranar 5 ga Janairu, 1961, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita, ta ba jakadanta, Raymond Offroy, awa 48 ya tattara nasa ya nasa, ta kuma hana jiragen Faransa na sama da na ruwa shigowa. A lura fa, watanni uku ke nan kacal da samun 'yancinmu. Matakin bai hana Faransa ci gaba da gwaji a Aljeriya har 1966 ba, sai dai ya nuna wa duniya cewa Afirka ba juji ba ce.

Daga nan aka koma teburin shawara. A Nuwamban 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a ɗauki Afirka a matsayin nahiyar da babu makaman nukiliya, shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka kuma suka jaddada haka a Alƙahira a 1964. Nijeriya tana cikin ƙasashe 18 da aka zaɓa su tattauna rage makamai a Janiba, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya a 1968, duk da muna cikin yaƙin basasa.

To, me ya sa burin 1964 ya daɗe bai cika ba? Amsar ita ce Afirka ta Kudu. Gwamnatin wariyar launin fata ta ƙera bama-bamai 6 a ɓoye. Da mulkin ya doshi ƙarewa ta wargaza su, ta shiga yarjejeniyar a 1991, Shugaba de Klerk kuma ya fito ya bayyana komai a 1993. Da wannan ƙaya ta fita, ƙwararru ƙarƙashin jagorancin jakadan Nijeriya Olu Adeniji suka tsara Yarjejeniyar Pelindaba. An sa mata hannu a Alƙahira ranar 11 ga Afrilu, 1996, ta fara aiki a 2009, shekaru 45 bayan sanarwar farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Sashen labarin da ya fi kusa da mu kuwa a Zariya ya faru, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Kwanar Ɗangora. A 2004 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin, domin bincike kamar gwajin ƙasar noma da ma'adinai. Makamashinta yuraniyom ne da aka tace ƙwarai, irin wanda idan ya yi yawa ake iya haɗa bam da shi. A 2018, da haɗin gwiwar Sin da Amurka da hukumar nukiliya ta duniya, aka musanya shi da marar haɗari, aka mayar da tsohon Sin. Binciken bai tsaya ba.

Ni a ganina, darasin shi ne ƙasar da ta hana wasu ta fara hana kanta, shi ya sa ake sauraron maganarta. Ina roƙon malaman tarihi da ke cikinmu su sanar da yaranmu wannan, domin har yau ƙasashe 9 suna riƙe da waɗannan makamai, aikin kuwa na jiran masu ilimi da haƙuri.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kare mu daga fitina. Wassalam.