Tabon cikin baki ga mai ciwon sukari

Akwai wani tabo, fari ko ja, da yake fitowa a cikin baki. Da farko ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. Amma in aka bar shi, yana iya zama ciwon daji. Masu ciwon sukari sun fi sauran mutane samun irin wannan tabo. Yawan sukari a jini yana busar da baki, yana rage ƙarfin jiki, yana kuma hana miki saurin warkewa.

Yadda ake gane shi

Tabon yakan fito a gefen harshe, ko ƙarƙashinsa, ko cikin kunci, ko a dasashi. Farin tabon ba ya fita ko an goge shi da tsumma mai tsabta. Jan tabon ya fi farin haɗari.

Abin da ke ƙara haɗarin

Shan sigari, da cin taba da kanwa, da shan giya.

Abin da ya kamata a yi

A duba baki a madubi sau ɗaya a wata, a wuri mai haske. Tabo ko miki da ya wuce sati 2 bai warke ba, a kai shi likita. Likita yana iya yankar ɗan ƙaramin nama don a auna. A bar taba, a riƙa wanke haƙora safe da dare, a sha maganin sukari yadda aka tsara. Tabon da aka gano da wuri ya fi sauƙin magani.