Asalin Kalma: Faci

Duk wanda ya taɓa tura keke daga Ruwan Bore zuwa Gusau bayan ƙayar aduwa ta huda masa taya, ba ya bukatar a yi masa sharhin darajar mai faci. Ita kalmar aro ce daga Turancin Ingilishi, wato patch, amma da yake harshenmu ya fi sabawa da harafin fa, kuma yana son rufe kalma da wasali, sai ta koma faci.

A asali sunan magani ce: guntuwar robar da ake liƙawa da sholisho, bayan an tsoma robar ciki a ruwa an ga inda kumfa ke tashi, an kankare wurin. Abin ta'ajibi shi ne yadda ta zama sunan cutar kanta, domin idan Bahaushe ya ce tayarsa ta yi faci, nufinsa ta huje, alhali ba a kai ga gyara ba tukuna.

Har kwalta ma ana yi mata faci. Sai dai ina takaicin jin ana cewa facin riga, domin tun kafin zuwan keke maɗinkanmu suna da kalmarsu, maho.