Daga Fiffiken Kaza Zuwa Kaskon Gawayi

A gidan Bahaushe na dā, babu wanda yake zama ya koyi renon 'yan tsaki, domin aikin yana da mai shi. Kaza ce za ta saka ƙwai goma zuwa sha biyar a lungun ɗaki ko ƙarƙashin rumbu, ta kwanta a kansu kwana 21, ta fito da 'ya'yanta a baya, ta bar baragurbi ɗaya ko biyu. Abin da ya rage wa matar gida kaɗan ne: ta watsa tsaki, ta zuba ruwa a kasko, ta rufe akurki da magariba saboda muzuru. Mai ƙwazo a ƙauye yakan cusa karmami da busasshen kashin shanu a tukunya, ya kife ta a bakin suri, da safe ya juye wa tsakin gara su yi buki.

Ita kanta kazar baƙuwa ce. Asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, amma ta daɗe a Afirka ta Yamma har ta zama 'yar gida. Matafiyin nan Ibn Battuta ya tarar mata suna sayar da kaji a ƙauyukan Mali a 1352. Zabuwa ce 'yar ƙasa, sai dai ba ta iya reno ba, shi ya sa har gobe ake zuba wa kaza ƙwan zabi ta yi kwancinsu na kusan kwana 28, ta yi wahalar 'ya'yan wata.

Wannan kiwo bai cin kuɗi, amma yana cin rayuka. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma da gaskiyarta: tsako goma kan fita kiwo da safe, bayan wata guda a ƙirga biyar. Wasu matan har garura suke shafa wa tsaki don su rikita shirwa. Sai kuma annobar hunturu, wadda kan bi gida-gida tana murɗe wuyan kaji tana sa su koren zawo. Ita ce cutar Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Java da kuma wani gari na Ingila da ta ci sunansa, aka tabbatar da ita a Najeriya farkon shekarun 1950. Duk da haka kaza ta ci gaba da zama asusun mace: a sayar da zakara a sayi sabulu, a tara kaji a juya su akuya.

Sauyin ya zo ne ta gonakin gwamnati. An kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, gonar Shika kusa da Zariya ta biyo baya a 1928, kuma ta irin waɗannan wurare ne kajin turawa da alluran rigakafi suka riƙa shiga gari. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 ya zuga ma'aikata da 'yan makaranta su yi noma da kiwo a bayan gida. Injin ƙyanƙyasa ya yawaita, Ibadan ta zama babbar kasuwar tsako ɗan kwana ɗaya. Abin da ya sa cinikin ya yiwu wata hikima ce ta halitta: tsako yana fitowa da ragowar gwaiduwa a cikinsa, wadda za ta riƙe shi kusan kwana uku. Wannan guzurin ne ke ba shi damar kwana a mota cikin kwali mai huji, su hamsin-hamsin, daga Oyo har Kano ko Sakkwato.

To, a nan gizo ke saƙar. Tsakon kwali maraya ne, kuma duk wanda ya saye shi ya karɓi aikin uwa ko ya sani ko bai sani ba. Ɗumin da fiffike ke bayarwa kyauta, yanzu sai an haɗa shi: kusan digiri 33 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa mako-mako har gashi ya rufe jiki. Littattafai sun ce a kunna ƙwan lantarki, amma inda wuta ba ta da alƙawari, fitilar ƙwai da kaskon gawayi suka gaji kaza. Sabon shiga yakan toshe ɗakin ruf da leda don tsoron sanyi, hayaƙin gawayi ya yi masa ɓarnar da shirwa ba ta taɓa yi ba. Tsofaffin hannu kuwa ba su damu da ma'aunin zafi ba, tsakin suke kallo. In sun cunkushe jikin wuta suna tsuwa, sanyi ne. In sun manne bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. In sun bazu a kan ɓuntun shinkafa kowa na tsince-tsincensa, an dace. Da isowarsu ruwa mai ɗan sukari ake fara ba su kafin abinci, a mazubi marar zurfi, don tsako kan nutse a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Daga nan sai jadawalin rigakafi, wato Lasota da Gumboro, sunayen da yanzu matan aure ke faɗa kamar sunayen maƙwabta.

Sana'ar ta sha wuya a Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kafin wata ya ƙare ta tsallaka Magariya a Nijar. An kashe kaji masu yawa, mutane suka ƙaurace wa naman na wani lokaci, sannan kasuwa ta farfaɗo.

Masu bincike kuma sun yi ta neman kazar da za ta haɗa ƙibar baƙuwa da juriyar ta gida. Shika ta fito da Shika Brown mai yawan ƙwai, wani kamfani a Awe ta jihar Oyo ya fito da Noiler, wadda ke iya yawon tsakar gida ta ci dusa da ragowar tuwo. Sai dai ita ma a kwali take zuwa, kuma makonninta na farko a gaban wuta take yin su. Shi ya sa a unguwanni da dama aka sami masu sana'ar reno zalla: su sayi ɗan kwana ɗaya, su yi masa ɗumi da rigakafi, su sayar wa masu fara kiwo bayan mako uku ko huɗu, a farashin da ya haɗa da kuɗin gawayi da na barcin da suka rasa.