Lokacin Neman Rabuwar Aure da Makomar Gidan Haɗaka a Ƙasar Zuru

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda dokokin aure uku da ke aiki a Zuru ke tsara lokacin rabuwa, da abin da kowace ta tanada game da gidan da miji da mata suka gina tare. An dogara da matanin dokokin Nijeriya, da fikihun Malikiyya, da abin da aka sani na al'adar Lelna. An gano cewa dokokin sun fayyace lokaci, amma sun bar gida a hannun wanda ke da hujja.

Gabatarwa

Masarautar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru, Fakai, Danko-Wasagu da Sakaba. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani suna zaune tare, kuma ba abin mamaki ba ne a sami Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a gida guda. Saboda haka tambayar farko ga mai son rabuwa ita ce: wace doka ta ɗaura auren?

Doka da lokaci

A auren Musulunci miji na da saki, mace na da hul'i, ko ta kai ƙara gaban alƙali ya raba auren saboda cutarwa ko rashin ciyarwa. Sakin sunna shi ne ɗaya, cikin tsarkin da ba a sadu ba. Suratu Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar daga ɗakinta har ta gama idda, tsarki uku, ko haihuwa ga mai ciki. A Malikiyya, ko sakin ba na kome ba ne, mazauni yana kan miji har iddar ta cika. A aikace kuwa, takardar saki na shiga hannu ake ɗaure kaya, wani lokaci cikin dare. Wannan saɓa wa nassi ne ƙarara, kuma shi ne farkon asarar mace, domin ta bar gidan tun kafin a zauna a tantance abin da ke nata.

Auren rajista yana ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, kuma Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi. Sashe na 30 ya hana shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, ban da 'yan dalilai irin su zina. Sashe na 15 ya karɓi ƙaurace wa aure na shekara 1, ko zama a rabe na shekara 2 idan ɗayan bai ja ba, ko shekara 3 ko da ya ja. Ranar da aka fita daga gida ke nan ita ce ranar da ƙidaya ta fara. Akwai ruɗu a nan da ya kamata limaman coci su riƙa warwarewa: sa albarka a coci ba tare da takardar rajista ba bai mai da aure na wannan doka ba. A idon kotu, auren gargajiya ne idan an ɗaura shi bisa al'ada.

A gargajiyar Lelna, saurayi kan yi golmo, wato noma a gonar surukinsa har shekara 7. Ana iya ƙirga kuɗi a mayar, amma gumin damina bakwai ba ya komawa aljihun mai shi, shi ya sa dangi biyu ke ganin auren nasu ne, dattawa kuma su yi ta jan maganar rabuwa.

Gidan wa?

A nan matsalar take. Gida iri biyu ne. Akwai gidan gado na gandu, inda miji kansa ɗaki kawai yake da shi cikin 'yan'uwansa. Babu kotun da za ta raba wannan da matar ɗayansu. Akwai kuma sabon gida a fili saye, kuma a Zuru, garin da ya yi suna da aikin soja, irin wannan na da yawa. Miji yana bakin aiki a nesa, yana aiko kuɗi. Matar ce ke tsaye kan magina, ta ɗauki adashinta ta sayi bandir biyu na kwanon rufi, ta sayar da awakinta da buhun dawar da ta noma a cika siminti. Rasit ɗin kuwa, da takardar cinikin fili da mai unguwa ya sa wa hannu, duk da sunan maigida aka rubuta, don kunya da girmamawa.

Fikihu bai haɗa dukiyar ma'aurata ba, abin mace nata ne. Amma hujja na kan mai da'awa, kuma idan an yi jayayya kan kayan gida babu shaida, Malikiyya kan ba mace abin da aka saba gani na mata, sauran a bar wa miji bayan rantsuwa. Gado da kwanuka za su bi ta. Rufin da ta saya ba zai bi ta ba. Sauƙin da ke akwai shi ne, a shari'ar dukiya mazhabar na karɓar shaidar namiji ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa, wato magini na iya tsayar mata da haƙƙinta.

Kotun Ƙoli ma hanyar hujja ta bi a shari'ar Amadi da Nwosu ta 1992, inda matar da ta ce ta taimaka wajen gina gida ta rasa shi don ba ta tabbatar da adadin gudummawarta ba. Sashe na 72 na dokar 1970 ya ba alƙali damar raba dukiya bisa adalci, sai dai masu auren rajista kaɗai ke cin moriyarsa, kuma su ne 'yan tsiraru.

Ra'ayin wannan bincike

Inda ake duka ko rai na cikin haɗari, babu jiran lokaci: a fita, a kai ƙara. A sauran halaye, lokacin da ya dace shi ne bayan an yi sulhu tsakanin waliyyai ya gagara, an tattara shaidar gudummawa, an kuma san inda yara za su kwana, musamman yanzu da masu gudun hijira daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba suka ƙara matsi a kan gidajen haya na gari. Malikiyya ta ba uwa riƙon ɗa har ya balaga, 'ya kuma har ta tare a gidan miji, amma riƙo ba muhalli wahala ce tsantsa.

Sashe na 43 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa, namiji ko mace, 'yancin mallakar ƙasa da gini. Kira ga Majalisar Masarautar Zuru da hakimai da masu unguwanni shi ne, duk lokacin da ake rubuta cinikin fili, a tambayi mai saye ko da kuɗin matarsa a ciki, in akwai a sa sunanta a takardar.