Oliver Mowat: Almajirin da Ya Sha Kayar da Malaminsa a Gaban Alƙali

A shekarar 1836 wani yaro ɗan kimanin shekara 15 ya fara koyon aikin lauya a ofishin wani matashin lauya a garin Kingston na ƙasar Kanada. Sunan yaron Oliver Mowat, maigidansa kuwa John A. Macdonald. Da kwanaki suka tura, Macdonald ya zama Firaministan Kanada na farko, Mowat kuma ya zama Firimiyan lardin Ontario, suka shafe shekaru suna zaman doya da manja.

An haifi Mowat a 1820, iyayensa 'yan asalin Scotland ne. Ya zama cikakken lauya a 1841, ya koma Toronto, ya yi suna a shari'o'in dukiya da filaye. Siyasa ta ja shi a ƙarshen shekarun 1850, amma ba ɓangaren maigidansa ya bi ba, sai ya shiga sahun masu neman sauyi. A 1861 har ya kara da Macdonald a zaɓen Kingston, ya sha ƙasa. Duk da haka a 1864 suka zauna tare a taron Quebec, inda aka tsara rabon iko tsakanin gwamnatin tarayya da larduna. A wannan shekarar aka naɗa shi alƙali.

Shekara takwas yana kan kujerar shari'a. A 1872 ya ajiye ta ya karɓi muƙamin Firimiya, abin da ya jawo masa suka, don a ganin wasu bai dace alƙali ya koma filin siyasa ba. Bai saki doka ba, domin ya haɗa da muƙamin Antoni Janar na lardin.

Macdonald gwamnatin tsakiya mai ƙarfi yake so, larduna su zama 'yan amshin shata. Mowat ya ce faufau. Makaminsa kuma wanda ya fi sani ne: kotu. A lokacin shari'ar Kanada takan ƙare a Landan, gaban kwamitin shari'a na Privy Council, wanda shi ne kotun Allah-ya-isa ta Najeriya ma har zuwa 1963.

Rigimar itacen katako ta isa misali. Wani attajiri, Peter McLaren, ya gyara wani kogi don gangaro da gungume, ya hana abokin gasarsa Caldwell bi. Majalisar Ontario ta yi dokar da ta buɗe koguna ga kowa, bisa biyan kuɗin gyara. Gwamnatin Macdonald ta soke dokar a 1881. Mowat ya sake kafa ta, aka sake sokewa, har sau uku. A 1884 alƙalan Landan suka ba Caldwell gaskiya, gwamnatin tarayya da ke Ottawa ta yi shiru.

Ta kan iyaka ta fi zafi. A 1878 masu sasanci suka ce makekiyar ƙasar da ke yammacin tafkin Superior ta Ontario ce. Macdonald ya yi biris da hukuncin, a 1881 ma ya miƙa yankin ga lardin Manitoba. A 1883 garin Rat Portage, wato Kenora ta yau, ya wayi gari da 'yan sandan larduna biyu, kowane ɓangare na kama ɗan'uwansa yana kullewa. Abin dariya ne, amma dazuzzuka da ma'adinai ake wa wannan kokawa. Mowat ya tafi Landan da kansa a 1884, ya tsaya gaban alƙalai a matsayin lauyan lardinsa, ya dawo da nasara. Majalisar Birtaniya ta tabbatar da iyakar a 1889.

Sai dai akwai waɗanda aka yi rabon a kansu ba tare da an tambaye su ba. A shari'ar kamfanin St. Catharines Milling ta 1888, Ontario ta sake yin galaba kan mallakar filayen da ƙabilar Ojibwe ta ƙulla yarjejeniya a kansu a 1873. Ojibwe ɗin ba sa cikin masu ƙara, ba sa cikin waɗanda ake ƙara. A wurina wannan tabo ne da yabon da ake wa Mowat bai goge ba.

Ya ci zaɓe shida a jere, ya yi kusan shekara 24 yana mulki, kuma a zamaninsa ne Ontario ta fara jefa ƙuri'a a asirce, a 1874. Macdonald ya rasu a 1891. A 1896 Mowat ya koma Ottawa, ya zama ministan shari'a a gwamnatin Wilfrid Laurier, shekara guda bayan nan aka naɗa shi Laftanar Gwamnan Ontario. Yana kan wannan kujera ya rasu ranar 19 ga Afrilu, 1903. Har yau babu Firimiyan Ontario da ya kamo shi daɗewa a kan mulki.