Daga Kulle Zuwa Kulawa

'Yar uwata mai karatu, yau ina so mu waiwayi yadda hukuma a Nijeriya ta riƙa ɗaukar masu taɓin hankali. Dalilina shi ne, mu mata mu ne masu jinya a gida, kuma ciwon nan ba ya sallama kafin ya shigo.

A zamanin Turawa, tsari ɗaya ne: a kulle. Sun buɗe gidan tsare mahaukata a Kalaba a 1904, suka buɗe wani a Yaba ta Ikko a 1907. A 1916 suka kafa dokar mahaukata, aka sake mata fasali a 1958. Da likita da majistare sun sa hannu, shi ke nan, an tsare mutum. Wasu ma kurkuku aka kai su ba su saci ko allura ba. Abin da dokar ta damu da shi shi ne kare jama'a daga marar lafiya, samun sauƙinsa kuwa oho!

Sai ga wani likita ɗan Abeokuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo. A 1954, a asibitin Aro, ya zo da wata dabara. Ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kusa su ba marasa lafiya masauki. Kowane majinyaci yana tare da wani nasa, sau da yawa uwa ko 'yar uwa, tana yi masa girki da wanki. Da safe a je asibiti a karɓi magani, da yamma a komo cikin mutane. Har masu maganin gargajiya ya jawo a jiki. Labarin Aro ya zaga duniya, Lambo kuma ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Kin ga ke nan, hannun mace na cikin wannan nasara.

A 1991 gwamnati ta fitar da manufarta ta farko kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta ce a saka wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci, irin na sha-ka-tafi, yadda ba sai an yi doguwar tafiya zuwa Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano ba. Magana ta yi kyau a takarda, amma ƙarancin kuɗi da ma'aikata ya ja mata ƙafa. Ita kuwa dokar 1958 tana nan daram, har sai a Janairun 2023 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwa. Wannan ta ba majinyaci haƙƙinsa na mutunci, ta hana a nuna masa bambanci, ta kuma umarci a kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya.

To amma ni a ganina, doka a Abuja take, jinya kuwa a ɗaki ake yin ta. In kin ga mai jego ta daina barci, tana yawan kuka, ko tana gudun jaririnta, kada ki ce iyayi ne, kada kuma ku ɓoye ta don gudun surutun dangin miji. A yi addu'a, a kuma kai ta asibiti da wuri. Mari da turu ba su taɓa warkar da kowa ba. Ciwo ne mai magani, kuma wadda aka tallafa yau, gobe ita za ta riƙe gidanta.