Ƙuri'arka da yadda ake ƙirga ta

A shirinmu na tarihi na wannan mako mun duba yadda ake juya ƙuri'u su zama kujeru, domin a nan ne gizo ke saƙar.

Hanyoyin biyu ne manya. Ta farko irin ta Ingila ce: mazaɓa ɗaya, kujera ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe ko da tazarar ɗaya ce. Najeriya da ita take cike kujeru 360 na majalisar wakilai. Ta biyu raba daidai ce, jam'iyya ta samu kujeru gwargwadon ƙuri'unta. Da ita Nijar ta zaɓi mafi yawan 'yan majalisarta a 2020, ta kuma keɓe kujeru 8 ga ƙananan ƙabilu.

Mu nan Sudan da ta farko muka soma a zaɓen 1953, sai dai an ware wa masu ilimin boko kujeru 5 cikin 97. Kada ka raina wannan keɓewar. A 1986 kujerun sun kai 28, jam'iyyar Turabi ta ɗauke 23, alhali shi kansa ya sha kaye a mazaɓarsa a Khartoum.

To, ina mutanenmu? Ka duba ƙauyukan Hausawa daga Wad Madani zuwa Mai Wurno, da kambunan ma'aikatan gona a Gezira. Muna da yawa, amma a warwatse. A tsarin mazaɓa, ƙuri'un da ba su taru wuri guda ba sun bi ruwa. Ga kuma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wadda ta nemi zaman iyaye tun 1897, alhali ayarin Mai Wurno ya iso ne bayan yaƙin Burmi na 1903.

Dokar zaɓe ta 2008 ta gauraya hanyoyin biyu. Cikin kujeru 450, mazaɓu suka samu 270, jerin mata 112, jerin jam'iyyu 68. Amma a zaɓen 2010 wasu manyan 'yan adawa suka ƙaurace, jam'iyya mai mulki ta kwashe fiye da 300. Ashe raba daidai ma sai da takara ta gaskiya.

Duk ranar da ƙura ta lafa aka zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe, ka tambaya: wa zai yi rajista, kuma yaya za a ƙirga? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.